Tarihin Manyan Kalmomin Ingilishi da Yadda Aka Yi Ta Koyar da Su

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗan yi nisa a koyon Ingilishi, akwai ranar da malami zai ce masa lokaci ya yi da zai fara tara “manyan kalmomi”. Abin da akan miƙa masa kuwa jeri ne, kalma a hagu, ma'ana a dama, a ce ya je ya haddace kafin mako mai zuwa. A cikin jerin zai ci karo da irin su *ameliorate*, *ubiquitous*, *reticent* da *exacerbate*. Ba kasafai ake tsayawa a gaya masa dalilin da ya sa waɗannan suka zama manya, su kuma *get* da *put* da *set* suka zama ƙanana ba, balle a faɗa masa wanda aka fara tsara wa irin wannan jeri.

Wannan takarda za ta bi sawun al'amarin tun daga tushe. Za a nuna cewa tarihin Ingila ne ya jera kalmomin harshen hawa-hawa, kuma jerin “kalmomi masu wuya” an ƙirƙiro shi ne fiye da shekaru 400 da suka wuce, domin ɗan ƙasar Ingila wanda bai yi karatun Latin ba. Sanin haka yana da amfani ga Bahaushen ɗalibi na Nijar da Kamaru da Chadi, saboda shi ta ƙofar Faransanci yake shigowa Ingilishi. Abin da ya zame wa wancan Bature dutse ba lalle ne ya zame wa wannan ɗalibi ba. Idan bai gane haka ba, yana iya ƙarar da shekara guda yana haddar abin da ya riga ya sani, ya bar inda gizo yake saƙa.

An zaɓi kalmar Ingilishi a nan da gangan. Kalmar Turanci fuska biyu gare ta: a Kano harshen Ingila take nufi, a Damagaram ko Maraɗi kuwa tana iya nufin Faransanci.

2.0 Harshe mai hawa uku

Asalin Ingilishi harshen wasu ƙabilu ne na dangin Jamusawa, wato Angles da Saxons da Jutes, waɗanda suka ƙetara teku suka zauna a tsibirin Birtaniya tun daga ƙarni na 5. Kalmomin da suka zo da su, su ne har yau ƙashin bayan maganar yau da kullum: *house*, *bread*, *water*, *mother*, *eat*, *come*. Bayan 597, shekarar da Augustine ya sauka a Kent da wa'azin addinin Kirista, kalmomin Latin irin su *altar* da *school* suka shigo ta coci. Daga ƙarshen ƙarni na 8 kuma maharan Viking suka fara dirowa daga arewa, daga baya suka zauna suka yi auratayya, suka bar wa harshen *sky*, *egg*, *take*, har da wakilin suna *they*. Babu wanda yake kallon *egg* a matsayin babbar kalma, duk da cewa ararriya ce. Ke nan aro shi kaɗai ba ya ba kalma girma. Abin dubawa shi ne ƙofar da ta shigo ta cikinta, ta kasuwa da gona ce ko ta fada da makaranta.

Ƙofar fada ta buɗe ne ranar 14 ga Oktoba 1066, lokacin da William mai mulkin Normandi ya ci Harold da yaƙi a Hastings, aka naɗa shi sarkin Ingila ranar Kirsimeti ta wannan shekara. Cikin ɗan lokaci manyan filaye da muƙaman coci suka koma hannun masu jin Faransanci. Ƙasa ta zama mai harshe uku: Faransanci a fada da gidajen masu sarauta, Latin a coci da rubuce-rubucen hukuma, Ingilishi a bakin talakawa.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, yawancin kalmomin Faransanci ba a farkon wannan mulki suka shiga Ingilishi ba. Muddin masu sarauta suna magana da harshensu, talakawa suna magana da nasu, kowa yana gefensa. Sai bayan 1204, da Sarki John ya rasa Normandi, dangantaka da ƙetare ta yi rauni, jikokin masu sarauta suka fara komawa Ingilishi. Da suka koma kuwa ba su zo hannu rabbana ba, sun kwaso kalmomin mulki da shari'a da yaƙi da abinci waɗanda suka saba da su. Shi ya sa ambaliyar ta fi ƙarfi tsakanin 1250 da 1400. Masanin tarihin harshen, Albert Baugh, ya ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kimanin 10,000 ne suka shiga a wancan zamani, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu suna raye har yanzu. Daga cikinsu akwai *government*, *parliament*, *judge*, *prison*, *verdict*, *army* da *soldier*. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi saboda jama'a ba sa fahimtar abin da ake faɗa a kotu. Ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Lauyoyi kuma suka ci gaba da wani gurɓataccen Faransanci nasu, har sai da wata doka ta fara aiki a 1733 ta tilasta Ingilishi a kotuna.

Misalin da aka fi yawan kawowa shi ne na dabba da namanta. Saniya a garke *cow* ce, namanta a faranti *beef*. Tunkiya *sheep*, namanta *mutton*. Maraƙi *calf*, namansa *veal*. Na farko na makiyayi ne, na biyu na mai ci. Walter Scott ne ya yaɗa wannan bayani a littafinsa *Ivanhoe* na 1819. Labarin yana da daɗin ji, amma a riƙe shi da taka-tsantsan, domin an daɗe ana amfani da *beef* da *mutton* ga dabbobi masu rai kafin ma'anar ta tsaya a kan nama. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kalmomin da suka shiga sau biyu, sau ɗaya da karin harshen Normandi, sau ɗaya da na Paris: *warden* da *guardian*, *warranty* da *guarantee*, *catch* da *chase*.

Da Latin ya sake shigowa ta hannun malamai, sai aka samu hawa uku a kan ma'ana kusan guda. Tambaya ita ce *ask* a gida, *question* a ofis, *interrogate* a hannun ƴan sanda. Haka *rise*, *mount*, *ascend*. Haka *kingly*, *royal*, *regal*. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. A Hausa kare yakan mutu, maƙwabci yakan rasu, shehun malami kuwa wafati yake yi. Tun 1947 Joseph Greenberg ya raba ararrun kalmomin Larabci a Hausa gida biyu, tsofaffin da suka shigo ta bakin jama'a da waɗanda suka biyo baya ta littattafan malamai. Babu mai jin albasa ko allura a matsayin baƙuwa, amma muhawara da hujja da daula har yanzu suna ɗauke da ƙanshin zaure.

3.0 Rikicin kalmomin kurtu

A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster. A ƙarnin da ya biyo baya aka dukufa wajen fassara littattafan Romawa da Girkawa na falsafa da likitanci da tarihi, sai mafassara suka ga Ingilishi ba shi da kalmomin da za su ɗauki nauyin. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko kalmar Latin a datse mata wutsiya a saka. Thomas Elyot, wanda ya wallafa littafinsa kan tarbiyyar masu mulki a 1531, ya yi haka da gangan, yana haɗa sabuwar kalma da tsohuwa a jimla guda domin mai karatu ya gane. *Education* da *maturity* suna cikin kalmomin da ya taimaka suka kafu.

Ba kowa ne ya yarda ba. Masu suka sun laƙaba wa irin waɗannan kalmomi sunan *inkhorn terms*, daga ƙahon da marubuta suke zuba tawada a ciki. Da a Hausa ne sai a ce kalmomin kurtu, wato waɗanda ba su taɓa fitowa daga bakin kowa ba sai daga bakin alƙalami. A 1553 Thomas Wilson ya saka wata wasiƙar ba'a a littafinsa na balaga, wadda ya ce wani mutumin Lincolnshire ne ya rubuta yana neman muƙamin coci, ya cika ta maƙil da irin waɗannan kalmomi domin mai karatu ya yi dariya. John Cheke, malamin Girkanci a Jami'ar Cambridge, ya wuce nan. Da ya fassara Linjilar Matta sai ya guje wa aro, ya ƙera kalmomi daga saiwar Ingilishi: *hundreder* maimakon *centurion*, *mooned* maimakon *lunatic*. Ralph Lever ma a 1573 ya so a kira ilimin mantiƙi *witcraft*.

Babu ɓangaren da ya ci gari. Kalmomin Cheke da Lever sun mutu. Na ɗaya ɓangaren ma da yawa sun bi su, irin su *eximious* da *illecebrous*. Amma wanda ya karanta wasiƙar Wilson a yau ba zai ga abin dariya a rabinta ba, saboda *celebrate*, *capacity*, *ingenious*, *mundane* da *dexterity*, waɗanda duk suna ciki, sun zama ƴan gida. Babu wata ƙa'ida da ta zaɓi masu rayuwa. *Impede* ta rayu, kishiyarta *expede* ta ɓace, alhali uwa ɗaya uba ɗaya suke. Girmama Latin ya taɓa har ƙa'idojin rubutu. Kalmomin *debt* da *doubt* daga Faransanci suka zo ba tare da harafin b ba. Malamai ne suka cusa shi domin a tuna da asalinsu na Latin, kuma har yau ana rubuta shi ba a furta shi.

Sakamakon da ya shafi wannan nazari shi ne, kafin 1600 an wayi gari Baturen Ingila yana iya zama a coci ya saurari huɗuba da harshensa, ya tashi bai fahimci kashi mai yawa nata ba. Ɗan da ya je makarantar nahawu ya koyi Latin yana gane *interrogate* daga ganinta. Wanda bai je ba, da kusan dukkan mata tunda ba a ɗaukarsu a waɗannan makarantu, sai dai su yi shiru.

4.0 Ƙamusun kalmomi masu wuya

Wannan giɓi ne ya haifi ƙamus na Ingilishi zalla. Kafin nan akwai ƙamusoshi, amma na harshe biyu ne, Ingilishi da Latin ko Ingilishi da Faransanci. Hausa ma ta bi irin wannan turba: na Schön na 1876 da na Bargery na 1934 duk zuwa Ingilishi suke fassara, a 2006 kuma Jami'ar Bayero ta fitar da *Ƙamusun Hausa* mai bayyana Hausa da Hausa.

A 1582 Richard Mulcaster ya jera kalmomi kimanin 8,000 ba tare da ma'ana ba, ya yi kira da wani ya tashi ya yi ƙamus. Wanda ya amsa kiran shi ne Robert Cawdrey, malamin makaranta kuma limamin coci da aka tuɓe saboda tsattsauran ra'ayinsa na addini. Littafinsa *A Table Alphabeticall* ya fito a Landan a 1604 da kalmomi kimanin 2,500. Ɗan ƙaramin littafi ne, kwafi ɗaya tak na bugun farko ya rage, yana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Cawdrey ya faɗi ƙarara cewa ya yi shi ne domin mata da sauran waɗanda ba su yi zurfin karatu ba, su fahimci abin da suke ji a huɗuba da abin da suke karantawa a littafi mai tsarki. Ma'anonin gajeru ne, sau da yawa kalma ɗaya ko biyu. Ya sa alama ga kalmomin da suka fito daga Faransanci da waɗanda suka fito daga Girkanci. Har sai da ya tsaya ya koya wa mai karatu yadda ake neman kalma bisa jerin abacada, domin a lokacin wannan ma ba kowa ya iya ba. Wanda ya buɗe littafin yana neman *dog* ko *take* ba zai same su ba. Masu karatunsa sun sha su a nono.

Wannan shi ne kakan jerin da ake miƙa wa ɗalibi a yau. Siffar ba ta canza ba: doguwar kalmar Latin a hagu, gajeruwar kalmar gida a dama. Zaton da aka gina shi a kai shi ma bai canza ba, wato mai karatu ya riga ya mallaki na dama.

John Bullokar ya biyo baya a 1616, Henry Cockeram a 1623, Thomas Blount a 1656. Na Cockeram ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin kashi na biyu na littafin juya al'amarin ya yi. Yana ba da kalmar yau da kullum, sannan ya kawo wata mai ƙyalli da za a maye gurbinta da ita. Daga nan manufa ta tashi daga fahimtar abin da aka ji ta koma burge mai sauraro, kuma wannan ciwo bai warke ba. A Afirka ta Yamma ya sake ɓullowa a zamanin mulkin mallaka. Wasan kwaikwayon Ogali A. Ogali, *Veronica My Daughter*, wanda ya fito a kasuwar littattafai ta Onitsha a 1956, yana da wani ɗan wasa, Bomber Billy, wanda ba ya buɗe baki sai da kalmomi masu tsawon igiya. Hausawa ma sun yanke hukuncinsu a kan wannan hali tun da suka kira maganar da ba ta kai ga biyan buƙata “dogon Turanci”.

Sai a 1702, da ƙamus ɗin da ake dangantawa ga John Kersey, aka fara shigar da kalmomin yau da kullum da yawa. Samuel Johnson ne ya nuna abin da ke ɓoye a cikinsu. Ƙamus ɗinsa na 1755, juzu'i biyu, yana da kalmomi fiye da 42,000 da misalai fiye da 100,000 daga rubuce-rubucen marubuta. Kalma irin *ameliorate* layi ɗaya ko biyu ya ishe ta a kowane ƙamus. Aikatau *take* kuwa Johnson ya ware masa ma'anoni 134. A gabatarwarsa ya kuma lura cewa aikatau da ake haɗawa da wata ƴar ƙaramar kalma har ma'anarsa ta sauya gaba ɗaya shi ne ya fi wahalar da baƙi. An yi kusan shekaru 170 kafin malaman koyarwa su ɗauki wannan magana da muhimmanci. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara shawararsa a 1857 aka kammala a 1928, ya ƙara tabbatar da ita: a bugun 1989 aikatau *set* yana da ma'anoni 430, kuma da aka sake bitar *run* a 2011 an ƙirga 645.

5.0 Malaman da suka koyar a ƙetare

Waɗanda suka juya tambayar ba mazauna Landan ba ne. Mutane ne da suka tsaya gaban yaran da ba su sha Ingilishi a nono ba. Michael West ya shugabanci kwalejin horon malamai ta Dhaka a yankin Bengal. Ya lura cewa yawancin yara suna barin makaranta kafin Ingilishinsu ya kai ga amfani, kuma littattafan karatun da ake ba su cike suke da kalmomin adabi da ba za su sake haɗuwa da su ba. Sai ya sake rubuta littattafan. Inda aka sa *isle* ya sa *island*, ya rage yawan sababbin kalmomi a kowane shafi, ya tabbatar kowace sabuwa ta maimaitu kafin wata ta shigo. Jerin littattafansa na *New Method Readers* ya fara fitowa a 1927. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da ƙamus wanda duk ma'anonin cikinsa an rubuta su da kalmomi 1,490 kacal. Wannan ƙamus ya yi suna a makarantun Najeriya da Ghana har aka riƙa kiransa da sunan mutumin kawai, a ce “ɗauko Michael West”.

A Amurka Edward Thorndike ya bi ta hanyar ƙidaya. Littafinsa na 1921 ya jera kalmomi 10,000 bisa yawan fitowarsu a rubuce-rubuce. A Ingila kuma C. K. Ogden ya fito da *Basic English* a 1930, yana cewa kalmomi 850 sun isa a faɗi komai. Shirin ya samu ɗaukaka har Winston Churchill ya yabe shi a jawabinsa na Harvard a 1943. Amma aikatau 18 kawai Ogden ya bari. Domin ya kauce wa *disembark* sai a ce *get off a ship*, domin ya kauce wa *tolerate* sai a ce *put up with*. Ga Bature wannan sauƙi ne. Ga baƙo kuwa an ɗauke masa ƙaramin kaya an ɗora masa babba, saboda kalmomin sun ragu amma ma'anonin da zai riƙe suna nan yadda suke. West yana cikin waɗanda suka soki shirin, kuma gaskiya tana wajensa.

Taron da gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyi a New York a 1934 ya haɗa West da Thorndike da Harold Palmer, wanda yake aiki a Japan tun 1922. Daga aikinsu ne *General Service List* na West ya fito a 1953, kalmomi kimanin 2,000, kowace an nuna ma'anoninta daban-daban da yawan amfani da kowace ma'ana. Abokin aikin Palmer a Tokyo, A. S. Hornby, shi ne ya kai al'amarin ga ƙamus ɗin da ɗalibai suka fi sani. Littafin ya fito a Tokyo a 1942 ana tsakiyar yaƙi, kamfanin buga littattafai na Jami'ar Oxford ya sake buga shi a 1948, daga baya ya zama *Advanced Learner's Dictionary*. Duk da kalmar *advanced* da ke jikin sunan, ƙarfin littafin ba a dogayen kalmomi yake ba. Hornby ya ba da tsare-tsare 25 na yadda aikatau yake zama a jimla, ya nuna sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa, ya cika shafuka da misalan kalmomin da suke tafiya tare. Ɗalibi mai zurfi a wajensa shi ne wanda ya san cewa ana cewa *make a mistake* amma *do a favour*.

Jerin manyan kalmomi bai mutu ba, gyara aka yi masa. A 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta tattara rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi miliyan 3.5, ta cire 2,000 na West, ta fitar da iyalan kalmomi 570 waɗanda suke yawan fitowa a kowane fanni. Su ne kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. Fiye da kashi 80 cikin 100 nasu daga Latin ko Girkanci suke: *analyse*, *concept*, *establish*, *significant*, *hypothesis*.

6.0 Ɗalibin da ya riga ya san Faransanci

Ɗalibin Kumasi ko na Zariya, wanda ya taso da *First Aid in English* da *The Students' Companion*, yana kusa da matsayin mai karatun Cawdrey. Ya ji ƙananan kalmomi tun firamare, dogayen ne baƙi gare shi, saboda haka jerin yana yi masa aiki. Ɗalibin Nijar kuwa yakan fara Ingilishi ne a kwaleji, bayan shekaru shida na Faransanci. A 1973 Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff sun ƙirga asalin kalmomi kimanin 80,000 na ƙaramin ƙamus na Oxford, suka samu kusan kashi 28 cikin 100 daga Faransanci, wasu 28 daga Latin, 25 daga harsunan dangin Jamusanci, 5 daga Girkanci. Wannan ɗalibi ya shigo gidan da fiye da rabin kayan cikinsa ya taɓa ganin irinsu. *Ameliorate*, wadda ɗan Ingila yake haddacewa domin jarrabawa, ita ce *améliorer* da malami yake rubuta wa yaro a takardar sakamako. *Augment* ita ce *augmenter* da ake ji kullum in farashi ya tashi. Jerin Coxhead kusan gaba ɗayansa kyauta ce a gare shi.

Kyautar tana da ƙaya, kuma tarihin da aka bayar a sama shi ne yake bayyana inda ƙayar take. Kalmar da ta ƙetara teku a ƙarni na 13 ko na 14 ta ci gaba da rayuwa a gida biyu, kowace ta bi hanyarta. Wani lokaci Ingilishi ne ya riƙe tsohuwar ma'ana. *Library* ɗakin karatu ne, kuma haka *librairie* take nufi a da, domin da wannan suna Montaigne ya kira ɗakin littattafansa a ƙarni na 16. Daga baya ne Faransanci ya mayar da ita shagon sayar da littattafai. *Deception* yaudara ce, kamar yadda take a tsohon Faransanci, alhali *déception* ta yau takaici ne na abin da bai zo yadda aka so ba. Wani lokaci Ingilishi ne ya yi gaba: *journey* ta fara ne da tafiyar yini guda, daga *journée*, yanzu kowace tafiya ce. Haka *actually* ba ta nufin yanzu, *eventually* ba ta nufin wataƙila, *attend* ba jira ba ne. Waɗannan ba su da yawa idan aka gwada da dubban da suka dace, kuma ana iya tattara mafi haɗari a ƴan shafuka.

Ƙaya ta biyu ita ce ta hawa. Kalmar da take ta yau da kullum a Faransanci takan hau bene idan ta shiga Ingilishi. *Demander* roƙo ne ko tambaya cikin ladabi, amma ɗalibin da ya rubuta wa shugaban sashe cewa *I demand* ya yi masa tsawa ne bai sani ba. Wanda yake cewa *commence* da *terminate* a hirar abokai, inda ake jiran *start* da *end*, zai yi kama da mutumin Lincolnshire na wasiƙar Wilson, ko da yake shi ba burga ta kai shi ba, hanyar da ya sani ce ya bi. Ga kuma furuci. Faransanci yana sauke nauyi a gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa yana matsar da shi: *photograph*, *photography* da *photographic* kowace a gaɓa daban nauyinta yake. Kunnen da ya saba da karin sautin Hausa yana kama wannan da wuri idan an nuna masa, amma jerin kalma da ma'ana ba ya nunawa.

Babban aikin yana can hawan ƙasa, wajen kalmomin da Cawdrey bai ga dalilin rubutawa ba. Ɗalibin ya san *postpone* ko ya hasashe ta daga saiwarta, amma *put off* fa? Ya san *investigate* da *abandon* da *tolerate*, sai a ce masa *look into*, *give up*, *put up with*, ya tsaya. *Put off* ɗin ma tana iya nufin ɗage taro, tana iya nufin sa mutum ya ji ƙyamar abu. Babu Faransanci ko Latin da zai cece shi a nan, kuma haddar jeri ba ta yi, sai yawan karatu da sauraro da duba misalan ƙamus irin na Hornby har ƙarshen shafi.

Malaman sashen harsunan Afirka sun san wannan daga ɗaya gefen, domin suna koya wa baƙi Hausa. Baƙon da ya san Larabci ba ya shan wahala da muhawara ko hukunci ko siyasa, cikin mako guda yake kwashe su. Inda yake tuntuɓe shi ne aikatau mai harafi biyu, wato ci. An koya masa ci abinci a darasin farko, sai ya fita ya ji an ci kasuwa, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, an ci sarauta, an ci mutum tara, an ci mutuncin wani, wuta ta ci rumbu, mota tana cin mai, aiki kuma yana ci gaba.